Kalmar da Muke Fassarawa da "Jimiri"

 

Akwai wata kalmar Helenanci a Sabon Alkawari da nake so mu duba yau, wato hupomeno. Gaɓa biyu ce: hupo, ƙarƙashi, da meno, tsayawa ko zama. Mutum ne da kaya a kansa, ga hanyar gudu a buɗe, amma ya tsaya. Helenawa sukan faɗi haka game da sojan da bai bar inda aka ajiye shi ba sa'ad da abokan gāba suka auko.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne inda Luka ya yi amfani da ita. A Luka 2:43, sa'ad da Yesu yana ɗan shekara 12, iyayensa suka kama hanyar gida bayan Idin Ƙetarewa, shi kuwa ya tsaya a Urushalima. Kalmar ke nan. Haka kuma a Ayyukan Manzanni 17:14, an fitar da Bulus daga Biriya saboda tarzoma, Sila da Timoti suka tsaya a can. Wato tun kafin a kai ga maganar wahala, ma'anarta ita ce: wasu sun tafi, kai kana nan.

Mu kuwa bakinmu ya saba da "yi haƙuri". Ni kaina na sha faɗa wa gwauruwar da aka ƙone mata rumbu haka, alhali abin da nake nufi shi ne ta yi shiru in wuce gida na gaba. Wannan ba hupomeno ba ne. Yakubu 5:11 ya kafa misali da Ayuba, Ayuba kuwa bai yi shiru ba. Ya la'anci ranar haihuwarsa, ya yi gardama da abokansa sura bayan sura, ya nemi Allah ya amsa masa. Bai dai bar wurin ba.

Ku karanta Ibraniyawa 10:32-34 in kun koma gida. Waɗannan masu bi an ƙwace musu dukiya, an wulakanta su a bainar jama'a, duk da haka suna tare da 'yan'uwansu da ke kurkuku. Marubucin ya haɗa wanda aka cuta da wanda ya tsaya kusa da shi a ƙarƙashin kalma ɗaya. Motar hatsi takan sauke kaya ta juya a rana ɗaya. Wanene a cikinmu zai koma ƙauyen nan bayan wata uku, lokacin da buhun ya ƙare?