Aikin Ofis a Lokacin Annoba





An nemi in yi magana kan yadda ake tafiyar da aikin ofis a hukumar lafiya ta ƙasa da ƙasa idan annoba ta ɓarke ko yaƙi ya tarwatsa jama'a. Zan ɗauki Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, domin nasararta da kurakuranta duk a rubuce suke, kowa na iya dubawa. Da an ambaci annoba, likita da nas ake hangowa, kuma sun cancanci haka. Amma kafin likita ya taɓa majiyyaci, sai wani ya nemo masa biza, wani ya fito da safar hannunsa daga kwastan, wani ya zuba wa motarsa mai, wani kuma ya sa hannu a takardar alawus ɗin direban da zai kai shi. Waɗannan mutanen nake so mu duba yau.

Mu fara da Ebola ta Yammacin Afirka. Cutar ta ɓulla a ƙauyen Meliandou da ke kudancin Gini a Disambar 2013, aka tabbatar da ita a Maris na 2014. Zuwa watan Yuni, ƙungiyar likitoci ta MSF ta fito ta ce abin ya fi ƙarfin masu aikinsa. Sai ranar 8 ga Agusta WHO ta ayyana dokar ta-ɓaci ta duniya. Kafin a shawo kanta, mutum fiye da 28,600 sun kamu, fiye da 11,300 sun rasu, galibinsu a Gini da Laberiya da Saliyo.

Me ya jawo jinkirin? Ilimin cutar dai akwai shi, tun 1976 aka san ta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kuɗi a hannu, da ma'aikata a shirye, da sanin wanda ke da ikon cewa a tafi. Bayan karayar tattalin arzikin duniya, a 2011 an zaftare kusan dala biliyan 1 daga kasafin hukumar, kuma sashen yaƙi da annoba ya sha wuƙa sosai. Ga kuma tsarin hukumar mai hawa uku: hedikwata a Janiba, ofishin shiyyar Afirka a Brazzaville, sannan ofishin kowace ƙasa. Shugaban shiyya ƙasashen shiyyarsa ne ke zaɓensa, saboda haka umarnin hedikwata ba ya sauka kai tsaye kamar na soja. Dokokin ɗaukar ma'aikata da na sayen kaya kuwa an rubuta su ne don lokacin zaman lafiya, lokacin da za a iya tallata gurbi a jira watanni, a nemi farashi daga 'yan kwangila daban-daban a zauna a kwatanta. A Oktoban 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya fallasa wata takardar cikin gida ta hukumar, wadda ta nuna cewa a Gini an sami ƙwararrun da rashin biza ya tsayar, da kuma dala 500,000 na taimako da suka maƙale a cikin ƙa'idojin ofis. Duk ranar da fayil ya kwana a kan tebur, masu cutar suna kwana a gida tare da iyalansu, suna ta yaɗa ta.

Abin da ya faru a Saliyo ya fi taɓa ni. Gawar mai Ebola ta fi mai rai haɗari, don haka samarin da ke ɗaukar gawa su binne ta su ne ke kan gaba a yaƙin. An yi musu alkawarin kuɗin haɗari duk mako. Kuɗin suka riƙa makara, wani lokacin makonni. A Oktoban 2014 suka shiga yajin aiki, gawarwaki suka kwana a gidaje da kan tituna. A watan Nuwamba, a garin Kenema, ma'aikatan da ba a biya ba suka ajiye gawarwaki a ƙofar asibiti don a ji kukansu. Biyan nan alhakin gwamnati ne, ba na WHO ba, amma darasin na kowa ne. Da aka bi diddigi, sai aka tarar jerin sunayen ma'aikatan cike yake da maimaici da sunayen bogi, kuɗin kuma tsaba ake ɗauka daga hannu zuwa hannu, suna raguwa a hanya. Maganin da aka samo daga Disambar wannan shekara, da taimakon hukumar UNDP, shi ne a tantance kowane ma'aikaci, a tura masa haƙƙinsa ta wayar salula. Yajin aiki ya lafa. Akawu da akanta ne suka yi wannan jinyar.

A nan gida mun ga ɗaya fuskar. Ranar 20 ga Yulin 2014 wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas ɗauke da cutar. Marigayiya Dokta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, kuma da ranta ta biya. Abin da ba a cika ambata ba shi ne cewa Najeriya tana da cibiyar gudanar da ayyukan gaggawa da aka kafa tun 2012 don yaƙi da shan inna. Daga can aka ɗauko mutane da tsari, Dokta Faisal Shu'aib ya jagoranci cibiyar Legas. Akwai motoci, akwai wayoyi, akwai mutanen da suka saba taron asuba da rahoton yamma, kowa ya san wanda zai kai wa ƙara. Aka bi sawun mutum kusan 900, aka kai ziyara ido da ido wajen sau 18,500. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba WHO ta ce Najeriya ta kuɓuta. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Gorar Legas shekara 2 ke nan da fafe ta.

Bayan wannan wahala hukumar ta yi wa kanta gyara. A 2015 aka kafa asusun ko-ta-kwana da aka so ya kai dala miliyan 100, wanda zai iya sakin kuɗi har dala 500,000 cikin awa 24. A 2016 aka haɗe ayyukan gaggawa a ƙarƙashin shiri guda mai shugaba guda da kasafi guda. Kowace masifa ana ba ta daraja daga 1 zuwa 3, kuma da zarar an ba ta, sai a naɗa mutum ɗaya ya riƙe ragamar aikin, a buɗe masa dokoki na musamman: ikon sa hannu kan kuɗi ya sauko kusa da fili, ɗaukar ma'aikaci ya koma na kwanaki, sayen kaya ya gajarta. Har aka rubuta cewa a farkon annoba gara a tura mutane da kaya fiye da buƙata, kuma idan ta bayyana an yi yawa, ba za a tuhumi wanda ya tura ba. Wannan magana ta ƙarshe tana da nauyi ga duk wanda ya taɓa zama a ofis. Jami'in da ke tsoron mai binciken kuɗi fiye da yadda yake tsoron annoba ba zai taɓa sa hannu da wuri ba, sai an cire masa wannan tsoro a rubuce.

Borno na cikin wuraren farko da aka gwada sabon tsarin. A Agustan 2016 WHO ta ɗaga rikicin arewa maso gabas zuwa daraja ta 3, a watan da aka sake gano shan inna a Gwoza da Jere. Binciken da aka yi a ƙarshen shekarar ya nuna cewa daga cibiyoyin lafiya fiye da 700 na jihar, wajen kashi ɗaya cikin uku an rusa su gaba ɗaya. A Agustan 2017 kuma amai da gudawa, wato kwalara, ya ɓarke a sansanin Muna Garej da ke gefen Maiduguri, ya bazu zuwa Dikwa da Monguno.

Ina so ku tsaya tare da ni a cikin tantin jinyar kwalara. Gado ne mai rami a tsakiya, bokiti a ƙarƙashi, wani bokitin a gefen kai don amai. Babban mutum da cutar ta kayar yana iya shan ledar ƙarin ruwa 6 ko 7 a cikin sa'o'in farko, kuma idan ruwan ya yanke, yana iya cikawa kafin gari ya waye. To ku lissafa gado 50. Kowace leda kilo guda ce, ruwa kuma nauyi gare shi, jirgi mai saukar ungulu ba ya ɗaukar da yawa. Dole wani ya san leda nawa suka rage a sito, ya san kwana nawa mota take yi kafin ta sami izinin bin ayarin sojoji, ya yi oda tun kafin kwalin ƙarshe ya buɗe. Dole wani ya tanadi sinadarin kulorin, ya ɗauki masu feshi da masu wanki da masu gadi daga cikin 'yan gudun hijirar, ya biya su kan lokaci a garin da babu banki, wani lokacin ma babu sabis na waya. Dole wani ya ajiye dizal, domin allurar rigakafi ba ta son zafin da ya wuce digiri 8, kuma kun san zafin Borno. Ma'ajin sito da ya yi kuskuren lissafi a Maiduguri, a Dikwa ake ganin sakamakonsa bayan mako guda.

Sai dai gaggawa ita ma tana da nata haɗarin, kuma ba zan ɓoye shi ba don ina yabon hukumar. Daga 2018 zuwa 2020 Ebola ta sake ɓarkewa a gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, a yankin da ake yaƙi, ta kashe mutum fiye da 2,200. Wannan karon WHO ta isa da wuri, da kuɗi, da motoci, da allurar rigakafi. Ma'aikatanta sun yi sadaukarwa, har aka kashe Dokta Richard Mouzoko, ɗan Kamaru, a Butembo a Afrilun 2019. Amma kuɗi masu yawa sun shiga gari matalauci, aka riƙa ɗaukar ma'aikatan wucin gadi da sauri ba tare da sa ido ba, ikon ba da aiki ya faɗa hannun ɗaiɗaikun mutane. A Satumbar 2021 wani kwamiti mai zaman kansa, wanda Aïchatou Mindaoudou, tsohuwar ministar harkokin wajen Nijar, ta jagoranta tare da Julienne Lusenge, ya fitar da rahoto. Ya gano mutum 83 da ake zargi da lalata da mata, 21 daga cikinsu ma'aikatan WHO ne. Da yawa daga cikin matan aiki suka je nema, na shara ko na girki, aka ce sai sun ba da kansu. Shugaban hukumar, Dokta Tedros, ya nemi gafararsu a bainar jama'a.

Ku lura da ƙofar da wannan ɓarna ta bi ta shiga. Ƙofar ɗaukar ma'aikata ce. Da a ce ba mutum ɗaya ke zaɓen wanda za a ɗauka ba, da a ce akwai mace a teburin tantancewa, da a ce akwai inda 'yar ƙauye za ta kai ƙara da harshenta ba tare da ta bi ta hannun wanda ya zalunce ta ba, da abin bai kai haka ba. Duka waɗannan aikin jami'in mulki ne. Saboda haka ban yarda da masu cewa a lokacin annoba a ajiye doka a gefe ba. Abin da ya dace shi ne a rubuta dokar annoba tun ana zaman lafiya, a fayyace matakin da za a tsallake da wanda ba a tsallakewa ko da sama za ta faɗo. Kwatanta farashin 'yan kwangila zai iya jira. Rasit, da rajistar kaya, da tantance wanda aka ɗauka aiki, da kare mutuncin mai neman taimako, waɗannan ba sa jira.

Maganar kuɗi zan taƙaita ta. Shekaru da yawa kuɗin da ƙasashe ke biya na wajibi bai kai kashi 20 cikin 100 na kasafin WHO ba, sauran gudummawa ce, kuma yawanci mai bayarwa ya ɗaure ta da sharaɗin aikin da yake so. Jami'in kuɗi yana iya kallon miliyoyi a asusun wata cuta alhali ba shi da ikon sayen taya ga motar da za ta je wajen wata. A 2022 ƙasashe suka amince a ɗaga kason wajibi a hankali zuwa rabi. A Janairun 2025 kuma Amurka ta sanar da ficewarta, hukumar ta shiga rage ma'aikata. Abin da wannan ke nufi gare mu shi ne nauyi zai ƙara dawowa kan ma'aikatun lafiya na jihohinmu, a yankin da sanƙarau ya kashe fiye da mutum 11,000 a 1996, kuma kwalara ba ta daina ziyartarmu da damina ba.

Don haka ina da roƙo ga manyan sakatarori da daraktocin da ke zaune a nan. Kafin damina mai zuwa, ku zauna da akantocinku ku rubuta wanda zai iya sakin kuɗi cikin kwana guda idan cuta ta ɓarke, da iyakar abin da zai saki. Ku sa a ƙirga kayan da ke sito, a duba ranar lalacewarsu. Ku tattara sunaye da lambobin asusun direbobi da masu feshi da masu wanki tun yanzu, domin a biya su a makon farko. Ku kuma ɗalibai masu koyon aikin mulki, idan aka tura ku sashen kuɗi ko na ma'aikata ko na sayen kaya a ma'aikatar lafiya, ku karɓa da hannu biyu, ku koyi aikin da kyau.