Karkason: Garin da Ya Hana a Rushe Ganuwarsa

Yau kudancin Faransa za mu leƙa, birnin Karkason da na ziyarta kwanan baya.

Tsohon birnin yana bisa tudu ne, kusa da kogin Od. Ganuwa biyu suka kewaye shi, ɗaya cikin ɗaya, tsawonsu kusan kilomita 3, ga hasumiya 52. In ka hau sama, gonakin inabi ne iya ganinka. Yankin Langadok ke nan, inda ake matse inabi a yi giya tun zamanin Rumawa. Ni dai giya ba ta gabana, amma na ga yadda baƙon da ganuwa ta jawo yake zarcewa ƙauye, ya bar kuɗinsa hannun manomi.

To, ga inda gizo ke saƙar. A tsakiyar ƙarni na 19 ganuwar nan ta lalace, har gwamnati ta yi niyyar a rushe ta. Wasu 'yan kishin tarihi suka ce ba su yarda ba. A 1853 aka fara gyara, a 1997 UNESCO ta sa birnin cikin kayan tarihin duniya.

Mu fa? Badalar Kano da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, kullum ana gutsurar ta ana yanka filaye, muna kallo. Matasa, in ta ƙare, me za mu nuna wa 'ya'yanmu? Ku ɗauki hoton ɓangaren da ya rage a unguwarku, ku tambayi kansilanku wa ke kula da shi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.