WANKIN HAƘORI MAI ZURFI: SHIN DA GASKE YANA SA HAƘORA SU YI GIRGIƊI?

Yau batunmu ciwon dasashi ne, da kuma wani aiki da likitocin haƙori ke yi don tsayar da shi ba tare da tiyata ba, wato wankin haƙori mai zurfi.

Na san da yawa a cikinku kun taɓa jin ana cewa, "Kada ka yarda a wanke maka haƙora a asibiti, za su buɗe, su fara girgiɗi." Wannan magana ta hana mutane da dama zuwa asibiti har haƙoransu suka zube. To, mu bi ta daki-daki.

Kullum akwai wani datti mai yauƙi da ke kwanciya a kan haƙori, cike da ƙwayoyin cuta. Idan buroshi ko asuwaki bai kai gare shi ba, cikin 'yan kwanaki sai ya fara ƙamewa ya zama kamar dutse. Da zarar ya ƙame, shi ke nan, ko ka ƙarar da makilin guda a rana ba zai fita ba. Sai dasashi ya kumbura, ya yi ja, kana goge baki ka tofar ka ga jini. A wannan mataki da sauran dama, dasashi zai iya komawa lafiya ƙalau.

Idan aka ƙyale shi kuwa, sai dasashi ya fara rabuwa da haƙori, wani ɗan rami kamar aljihu ya samu a tsakaninsu. Dattin ya gangara ciki, kumburin ya fara cin ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori. Abin tsoron shi ne yawanci babu zafi. Mutum yana cin tuwonsa, yana tauna goronsa, ƙashi kuwa yana zaizayewa. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya na ɗauke da matsanancin ciwon dasashi, sama da mutum biliyan ɗaya ke nan.

To, me likita zai yi in ka je? Da farko zai ɗauki wani siririn ƙarfe mai ma'auni ya gwada zurfin ramin a kewayen kowane haƙori. Dasashi mai lafiya, zurfinsa milimita 1 zuwa 3 ne. Daga milimita 4 zuwa sama, musamman in yana jini, buroshinka ba ya iya kai wa ƙasan. Sau da yawa za a ɗauki hoton haƙoran don a ga yawan ƙashin da ya rage.

Aikin kansa kashi biyu ne. Na farko a kankare ƙamammen dattin, na sama da wanda ya ɓuya ƙarƙashin dasashi. Akwai na'ura mai karkarwa da sauri tana fesa ruwa, akwai kuma ƙananan ƙarafa na hannu. Na biyu a tsabtace jikin saiwar haƙorin ta yi sumul, yadda dasashi zai samu ya sake rungumar ta. Ba a yanka, ba a ɗinki. Ana yin allurar kashe zafi a wurin, kana farke, za ka ji motsi da ƙara amma ba ciwo ba. Idan bakin gaba ɗaya ya kamu, akan raba aikin zuwa zama biyu ko huɗu.

Yanzu ga amsar tambayarmu. Bayan an gama, wasu za su duba madubi su ga gibi tsakanin haƙora, ko su ga haƙoran sun ƙara tsawo, ko ɗaya ya ɗan motsa. Jama'a, wannan gibin dama yana nan. Ciwon ne ya cinye ƙashi da dasashin wurin tun tuni, ƙamammen datti da kumburi suka toshe gurbin suka rufe ido. Kamar katangar ƙasa ce da gara ta cinye cikinta, yaɓe kawai ke riƙe da ita. Wanda ya ɓare yaɓen ba shi ya ci katangar ba. In ka bar dattin don yana "riƙe" haƙorin, ka bar abin da ke cin tushensa ne. Kuma sau da yawa idan kumburi ya sauka, haƙorin da ke ɗan motsi yakan ƙara tsayuwa.

Gaskiya ɗaya da ya kamata ku sani: wankin ba ya dawo da ƙashin da ya riga ya tafi. Aikinsa ya tsayar da ɓarnar, ramukan su ragu, jini da warin baki su lafa. Shi ya sa zuwa da wuri ya fi komai.

Bayan aikin, haƙora za su iya yin tsami in ka sha ruwan sanyi ko shayi mai zafi, na kwanaki ko 'yan makonni. Ka riƙa kuskure baki da ruwan ɗumi da gishiri, ka ci abinci mai laushi a ranar farko, kuma kada ka daina goge baki don ka ga ɗan jini; ka goge a hankali da buroshi mai taushi, sau biyu a rana, ka kuma tsabtace tsakanin haƙora da zaren sakace ko ƙaramin buroshin da aka yi don haka. Bayan kamar wata ɗaya zuwa uku likita zai sake aunawa. Ramin da ya tsaya a milimita 6 ko fiye, shi ne ake iya tunanin yi wa tiyata. Daga nan kuma akan buƙaci ka riƙa komawa duk wata uku zuwa shida.

Masu ciwon suga, ku ƙara kula: suga in ya hau yana tsananta ciwon dasashi, ciwon dasashi kuma yana wahalar da saukar suga. Masu shan taba, ita tana ɓoye jinin, tana kuma hana wurin warkewa. In kana shan maganin tsinka jini, ko kana da ciwon zuciya, ko kina da juna biyu, a faɗa wa likita kafin ya fara.

Sai gargaɗi na ƙarshe. Masu yawo a tasha da kasuwa da ruwan magani suna faranta haƙori nan take, wannan ba shi ne wankin da muke magana ba. Irin wannan ruwa na iya cinye fatar haƙori, kuma ba ya taɓa dattin da ke ƙarƙashin dasashi.

Don haka in kana ganin jini duk sanda ka goge baki sama da mako biyu, ka nemi sashen haƙori na asibitin da ke kusa da kai, ka ce a auna maka dasashi. Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa, za mu ɗauko su a shiri na gaba. Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mun sake haɗuwa.