In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya

Bayan an gama yankan hatsi, malamin gona ya ziyarci wata makarantar yaƙi da jahilci a bakin Gulbin Kaba, tsakanin Tasawa da Mayahi. Maza da mata sun taru. Ga abin da ya faɗa musu.

Ya fara da tuna musu fari na shekarar 1984. A lokacin ne shugaba Seyni Kountché ya yi kira ga jama'a su kama noman rani. Aka gina rijiyoyi, aka kewaye garka da ƙaya. Tun daga nan tumatir, salati, shu da albasa suka zama abin rufin asirin gida idan rumbu bai cika ba.

Amma ya ce yau a garuruwa da yawa, da an ɗaure damma sai maza su tafi ci-rani Najeriya ko Libiya. Mace ce ke jan ruwa safe da yamma. Ita ke korar awaki, ita ke kai kaya kasuwa. Maigida ya dawo, ya ce ƙasar tasa ce, don haka kuɗin nasa ne. Daga nan sai faɗa, sai yaji, wani lokaci har saki. Garka ta bushe, yara su rasa miya.

Sai ya kawo misalin gayya. A da, makaɗi na bin manoma da ganga. Ba ya riƙe hauya, amma in an raba abinci ba a hana shi rabonsa, don kowa ya san aikin da ya yi. To, ina ga wadda ta ja guga wata uku?

Ya juya wajen samari. Ya ce kowa na da salula cike da waƙoƙin soyayya. Sauraro ba laifi ba ne. Amma waƙa ba ta ban ruwa. Budurwar yau tana duban wanda zai kama mata aiki, ya kuma yi shawara da ita.

Ya ce kakanni sun san gandu, sun san gamana. Abin da mace ta noma a gamanarta nata ne. Ya kuma ambaci ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991. Mata na zuba kuɗi a asusu kowane mako, suna ba juna rance. Sau da yawa da wannan rance ake sayen iri.

Shawararsa uku ce. Ta farko, miji da mata su zauna kafin a zuba iri, su yanke rabon kowa. Ta biyu, a rubuta a littafi: kuɗin iri, kuɗin igiya da guga, da abin da aka sayar kowace ranar kasuwa. Ta uku, a fara biyan rancen asusu kafin a taɓa riba.

Wata dattijuwa ta ce: "Malam, in maigida ya ƙi zama fa?" Ya ce mata: "Inna, a kira wansa ko liman ya zama shaida. Abin da aka rubuta gaban shaida ba shi da gardama."

Ya rufe da cewa amfanin karatun da suke yi ke nan. Littafi ɗaya da alƙalami sun fi zuwa gaban alƙali sauƙi.