Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Yadda Korona Ke Shiga Jikinmu

 Yau da labarin kawuna zan fara.

A 2020, da aka rufe makarantu, na koma gida Barkiya. Cikin watan Afrilu aka ji korona ta shigo jihar Katsina, har ta yi ajalin wani likita a Daura. Rannan sai ga Kawu ya dawo daga Dutsin-Ma da kulorokwin cike da leda, wai kowa ya sha. Na ce, "Kawu, wannan fa maganin zazzaɓin sauro ne." Ya ce, "Kai yaro, ai Turawa sun gwada, yana kashe ta." Na yi shiru, don ba ni da amsa. To yau ina da ita.

Jikinmu ƙwayoyin halitta ne birjik, kowace kamar gida mai katanga. Ita kuwa ƙwayar korona, faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin 10,000 na milimita ba, kuma ba ta iya hayayyafa sai ta shiga ɗaya daga cikin gidajen nan. Jikinta duk ƙayoyi ne, su ne makullinta. Kwaɗon da take nema sunansa ACE2, yana nan a hanci da maƙogwaro da huhu da hanji. Kuma fa ba don ita Allah ya yi shi ba, aikinsa taimakawa wajen daidaita hawan jini.

Sai dai makullin ya shiga kwaɗo, ƙofa ba ta buɗu ba tukuna. Dole a yanka ƙayar sau biyu. Wa ke yankan? Mu ne! Jikinmu na da wasu sinadarai masu aikin almakashi. Na farko, furin, yana yi mata yankan farko tun a gidan da aka ƙyanƙyashe ta. Na biyu, TMPRSS2, yana tsaye a bakin zaure, kusa da ACE2. Da ya datsa, sai ƙayar ta miƙe ta caki katangar, fatar korona ta haɗe da ta ƙwayar halittarmu, ta juye kayanta ciki. Shi ya sa na ce da ɗan gari akan ci gari.

Akwai kuma ɓarauniyar hanya. Idan babu TMPRSS2, ƙwayar halittar kan haɗiye korona cikin 'yar jaka mai tsami, a nan wani almakashin, katefsin, ya yi yankan. Wannan almakashin ba ya ci sai da tsami, kulorokwin kuwa rage tsamin yake yi.

Kun ga inda aka samu ruɗani? An gwada maganin a kan ƙwayoyin ƙodar biri a ɗakin bincike, waɗanda ta ɓarauniyar hanya korona ke shigarsu, sai ya yi aiki. Amma da masana a Jamus suka gwada a kan ƙwayoyin huhun mutum a 2020, sai ta bi ta zaure abinta, ko a jikinta. Manyan gwaje-gwaje a kan marasa lafiya ma ba su nuna amfani ba. A Legas kuwa, tun watan Maris aka riƙa kai mutane asibiti saboda shan sa fiye da kima.

Ashe Kawu bai yi ƙarya ba, rabin labarin aka ba shi. Ƙofar baya ya tsare, ɓarawo ya shige ta gaba.

To me ke tare ta? Rigakafi yana koya wa jiki haɗa dakarun da ke riƙe ƙayar kafin ta taɓa ACE2. Sabulu kuma yana narkar da rigar kitsen da ke lulluɓe da ita.

Don haka 'yan uwa, duk ranar da aka turo muku a WhatsApp cewa magani kaza ya kashe cuta a bincike, ku tambaya: a kwalba, ko a jikin mutum? Ku tura wa kawunnanku wannan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.