Babur na Farko: Amana a Wuyan Iyaye

 

Mu da muka tsufa da alli a hannu mun san ɗacin raka gawar yaron da muka koya wa baƙi da wasali zuwa makwancinsa. Sau da yawa sanadin shi ne babur da aka saya masa da kuɗin amfanin gona, ya hau titi tun bai iya ba. Don haka iyaye muke wa magana, domin su ne masu saye.

Da farko, daidai ruwa daidai tsaki. Ɗan koyo ba ya bukatar injin da ya wuce cc 100 zuwa 125, irin su Bajaj Boxer ko Honda CG125, waɗanda kayan gyaransu ke samuwa cikin sauƙi. A sa yaro ya zauna a kai. In ƙafafunsa biyu ba su taka ƙasa sosai ba, ko ya kasa ta da shi idan ya faɗi, to babur ɗin ya fi ƙarfinsa. In na hannu za a saya, a tafi da amintaccen bakanike ya duba birki da tayoyi da sarƙa da fitilu, a kuma gwada lambar inji da ta cikin takardu, gudun kayan sata.

Na biyu, kuɗin hular kwano biyu, ta direba da ta wanda zai goya, suna cikin kuɗin babur. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular a watan Janairu na 2009, wasu sun kifa ƙwarya a ka don ba'a. Amma kwalta ba ta san wasa ba. A ɗaure maɗaurin hula a haɓa, wadda kuma ta taɓa buguwa a haɗari a canza ta.

Na uku, a koya a fili kafin a shiga hanya, a kuma jira shekara 18 a yanki lasin. A saba da kama birki biyu tare. Na gaba ya fi ƙarfin tsayarwa, amma damƙe shi farat ɗaya a kan yashi ko a kwana yana kayar da mutum. A tattare babbar riga da mayafi kada taya ta ja su. Wanda ke bayan tirela ya sani, muddin ba ya hango madubin direba, direba ma ba ya ganinsa.

A ƙarshe, muna roƙon wannan ƙungiya ta riƙa shirya wa matasanmu horo kowace kaka, kafin a fara sayen babura. Tafiya sannu sannu kwana nesa. Allah Ya kiyaye mana zuriya, amin.