Kifin Kududdufi: Dalilin Adana Shi da Hanyar Kiwonsa



A ƙasar Hausa in an ce kiwon kifi, tarwaɗa da ƙarfasa ne ke faɗo wa mutum a rai, kuma su aka fi ƙyanƙyashewa a gonakin kifi irin wadda gwamnati ta kafa a Mando, nan Kaduna. Amma akwai wani ƙaramin kifi wanda tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, ba ya cika tukunya, ba ya shiga kasuwa, don haka ba mai tambayar lafiyarsa.

Masana suna kiransa Pronothobranchius kiyawensis, sunan da ya samo daga kogin Kiyawa, ta wajen ƙasar Katagum. Wani Bajamushe mai suna Ernst Ahl ne ya fara bayyana shi a 1928. Kowa ya san gaiwa, yadda takan shige cikin laka ta yi kwanci har damina ta dawo. Shi wannan dabararsa dabam ce. A 'yan makonni yake girma, ya binne ƙwansa a laka, ruwa na ƙafewa ya mutu. Ƙwan ne ke jure wa rani a ƙarƙashin busasshiyar ƙasa, sai ruwan sama ya sauka ya ƙyanƙyashe.

A nan haɗarin yake. Duk kududdufin da aka cike da shara, ko aka aza harsashin gini a kansa, ko maganin feshi ya gangaro cikinsa, an binne zuriya guda ke nan. Wanda ya ga yadda gidaje suka mamaye fadamun Mando zuwa Afaka ya san abin da ake nufi. Ga shi kuwa irin waɗannan kifaye tsutsar sauro na cikin abincinsu.

Kiwonsa bai fi ƙarfin ɗalibi ba. Akan sami akwatin gilashi mai murfi, a zuba namiji ɗaya da mata biyu ko uku, a ajiye musu ƙoƙo cike da garin ɓawon kwakwa da aka dafa, ya zama madadin laka. Bayan mako biyu sai a kwashe garin, a matse shi ya rage danshi kawai, a ƙulle a leda, a ɓoye a inuwa har 'yan watanni. Sa'an nan a jiƙa shi da ruwan sama. Ba duka ƙwan ke fashewa a jiƙon farko ba, saboda haka akan sake tsane garin a jira. Babban sharaɗi shi ne a rubuta sunan wurin da aka kamo kowane iri, kada a gauraya na wannan tafki da na wancan.

An ga amfanin irin wannan aiki a Meziko. Wani ɗan kifi mai suna Zoogoneticus tequila ya ɓace daga kogin Teuchitlán, ya saura a akwatunan masu kiwo. Jami'ar Michoacana da gidan namun daji na Chester a Ingila suka haɗa hannu suka mayar da shi koginsa, aka ba da sanarwar nasarar a 2021.

Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana kan hanyar Mando, masu ƙyanƙyasar kifi kuma suna nan kusa. Abin da ya rage shi ne ɗalibai su ƙidaya kududdufan da suka saura, ma'aikatan filaye kuma su duba wannan ƙidaya kafin su sa hannu a takardar gini.

Allah Ya sa a dace.